Cikin Bindigar Nomau

Samarin da ke walda a jikin rumfata, nan Sabon Gari, ba su ɗauki aikina a bakin komai ba. In suka ga na shafe hantsi guda da bindigar mutum a kan cinya, ban hura wuta ba, ban ɗaga guduma ba, sai su fara zolaya. Wani ya ce, “Baba Shaibu, wai mi kake nema cikin ramin nan? Ba tiyo ba ne da icce? Kawo in sa mata ma'auni, yanzu in hwaɗa maka ko mili nawa ce.” Suna da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da suke buɗewa a bakin bututu su karanta lamba. Abu ne mai kyau, ni ma na saya, yana cikin akwatina. Sai dai iyakarsa baki, ita kuwa bindigar da ake ɗurawa ta baki ba a bakinta take mutuwa ba. Daga can ƙasa take farawa, inda albarushi ke kwanciya, inda ido ba ya kaiwa, yatsa ma ba ya kaiwa. To samari, tunda kun ce aikin banza ne, ku ajiye wayoyin nan ku matso, in gaya muku yadda ake yinsa da abin da na gani a cikinsa.

A Tibiri na koya, wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Arzika. Gidanmu na Maraɗi maƙeran fartanya ne da lauje da gatari, ba mu taɓa bindiga ba. Mahaifina ya ga ina da haƙurin zama, sai ya tura ni can. Kawu mutum ne gajere mai kaurin wuya, maganarsa a yini ba ta cika tafin hannu. Na daɗe ina zuga, ina tsince gawayi, ina riƙe awartaki, kafin ya yarda in ɗauki bindiga ko don in miƙa masa. Ranar da ya kira ni na zaci ƙira zai fara koya mini, har na tanƙware hannun riga. Sai ya jefo mini wani tsohon bututu da siririn ƙarfe mai tsawon bindiga, ya ce in zauna.

Ga yadda abin yake. Ana narka darma kaɗan a kan bakin siririn ƙarfen nan, a bar ta ta huce, a goge ta da magagari har ta rage kaɗan ta fi bakin bindigar kauri. A shafa mata man gyaɗa. Sai a ɗora ta a baki a danna. Darma tana da taushi, bakin bindigar zai aske abin da ya yi yawa, ta ɗauki siffarsa daidai. Wannan shi ne awon farko, kuma da shi ake sanin girman harsashin da za a zuba wa mai ita. Maharba da yatsa suke nasu awon, ka ji mutum ya ce tasa ta ɗan yatsa ce, wani ya ce tasa ta babban yatsa ce, to amma yatsan manomi da na tela ba ɗaya ba ne. Harsashi in ya yi kaɗan yawo yake a ciki, ya fita inda ya ga dama. In ya yi yawa ya cije a hanya, sai dai Allah ya kiyaye.

Awo na biyu shi ne aikin, kuma shi ne ba ya da lamba. Kana tura darmar ƙasa a hankali, kana saurare da tafin hannunka. Kawu ya ce in rufe ido. Na ce to yaya zan gani? Ya ce, “Wa ya ce maka gani za ka yi?” In bindiga lafiyarta lau, darmar za ta tafi da nauyi ɗaya tun daga baki har gindi, ba ta sauri ba ta tsayawa. In ka ji tana gurza, tsatsa ce, wannan ana wankewa a goge. Amma in tana tafiya a matse, sai ka ji ta saki hannunka ta faɗa, kana juya ƙarfen yana rawa, to a gidan Kawu cewa muke bindiga ta yi ɗaki. Ƙarfen da ya ɓace daga ciki daga bangonta ya ɓace. Ta waje za ka gan ta sumul, mai ita ya shafe ta da mai tana sheƙi, amma a wurin nan bangon ya koma kamar ɓawon albasa. Kuma nan ne daidai inda wuta ke tashi, kusa da kuncin mai harbi da hannunsa na hagu.

Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai wata ranar kasuwa da Kawu ya aike ni sayen goro. Ya ce wurin Ɗan Jimma zan saya, ba wurin kowa ba. Na same shi ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, dattijo mai fara'a, yana ƙirga goro da hannun dama. Da ya zo ɗaure mini a ganye sai ya fito da na hagu, babban yatsa kaɗai ya rage a jiki, gefen fuskarsa kuwa baƙin albarushi ya zauna cikin fata. Da na koma Kawu bai tambaye ni komai ba, goronsa ya karɓa. Daga baya na ji ɗan bindiga ne a dā, irin masu harbin Salla, kuma ranar da bindigarsa ta fashe masa a hannu ta fi ta kowa kyan gani.

Akwai doka a maƙerar Kawu, ni ma ita na riƙe. Bututun da ya yi ɗaki ba a gyara shi, ba a yi masa faci. Ana ɗora bakinsa a kan uwar maƙera a dandaƙe shi da masaba har ya rufe, don kada wani ya tsince shi gobe ya ɗura. Amma maƙeri ba ya yin haka da ikon kansa. Mai bindiga ne zai ɗora ta da hannunsa, ya riƙe, sannan a buga. In ya ƙi, kayansa ne, ka miƙa masa. Na taɓa ganin Kawu ya bi wani mutum har bakin hanya yana roƙo, shi da ba ya magana, mutumin ya saɓa abarsa ya yi gaba. Kawu ya dawo ya zauna, ranar bai ƙara taɓa aiki ba.

Da na dawo Maraɗi na kafa rumfar nan, lokacin bayanta gonaki ne, ba waɗannan shaguna. Masu zuwa wurina iri uku ne. Akwai 'yan bindigar bukukuwa, su ƙara suke so, ba ruwansu da harsashi, kuma su suka fi kowa cika wa bindiga ciki don a ce tasu ta fi tsawa. Akwai manoma masu korar biri da tsuntsu, waɗanda ke jefa bindiga bisa rumbu shekara guda ba su waiwaye ta ba. Sai maharba, su ne masu wuyar sha'ani, su ne kuma na fi so. Maharbi ba ya ba ka bindigarsa ya tafi kasuwa. Zama zai yi ya zuba maka ido har ka gama, in ka juya ta da ƙarfi ka ga ya ɓata fuska.

Cikinsu akwai Nomau na Jiratawa. Maharbi ne ɗan maharbi, dogo siriri, ya girme ni kaɗan, ba ya zuwa wuri a rasa dariya. Kowace shekara in an gama girbi sai ya zo awo, da zabuwa a hannu ko zomo. Da daji ya ƙare, gonaki suka cinye shi, sai ya koma zuwa da albasa da tumatir na fadamarsu, yana cewa su ma da ƙyar ya harbo su. Ni yake kira Baƙin Hannu, ni kuma in ce masa Mai Kashe Kurciya. Bindigarsa gado ce daga ubansa, uban ma gadonta ya yi. Ba irin namu ba ce da muke yi da sandar bolan, wato sitiyarin tsohuwar mota. Tsohon ƙarfe ne na asali, dogo, mai sanyi a hannu, ban taɓa riƙe irinsa ba. Tsohuwa yake kiran ta. Farkon da na tura darma cikinta, tafiya ta yi sumul har ƙasa, na ɗago na ce masa wannan sai ta binne mu duka.

Abu ɗaya ya haɗa ni faɗa da shi, shi ne shayarwa. Ku yaran gari ba ku san wannan ba. Kowane gidan maharba yana da jiƙonsa na saiwoyi da sassaƙe, sirrin gida, ba a faɗa wa bare. Kafin a shiga daji sai a toshe ƙofar wuta, ɗan ramin nan na gindi da ake kunna albarushi ta cikinsa, a cika bututun da ruwan jiƙon, a jingine bindiga a kusurwar ɗaki ta yi kwanaki tana sha. Wai don kada ta yi kuskure, kada kuma abin daji ya rufe mata baki. Ni ban ce maganinsu ba ya ci ba, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne ruwa in ya kwanta kan ragowar albarushi cin ƙarfe yake, kuma a gindi yake taruwa, inda tsumma ba ya kaiwa sosai.

Na ce masa, “Nomau, in dai sai ta sha, to shafa mata ta waje mana.”

Ya ce, “Kai in kana jin ƙishirwa, wanka kake yi?”

Na ce, “To ka zubar da wuri, ka gasa ta bakin wuta ta bushe, ka bi ta da mai.”

Ya ce, “Ubana bai gasa ta ba, kakana bai gasa ta ba. Kai dai maƙeri ba ka ganin abu ba ka so ka kai shi wuta ba.”

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Yana shayarwa, ina aunawa. Sannu a hankali hannuna ya fara jin abin da ba na so. Can kusa da gindi darmar ta fara sauƙi, ba faɗawa ba, sassauci dai. Na gaya masa. Na ce ya rage mata albarushi, ya rage. Shekara ta kewayo na ji sassaucin ya ƙaru, na sake gaya masa, ya ce Tsohuwa ce, dole haƙoranta su yi girgiɗi, mu ma namu suna yi. Lokacin harbin nasa ma ya ragu, sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka na ɗan sami kwanciyar rai.

Sai shekarar ɓarayin shanu ta zo mana. Kun san ta, ba sai na tsawaita ba. Ƙauyukan kudu ba mai barci da ido biyu, mutum ya wayi gari da garke ya yini ba ko ɗan maraƙi. A shekarar nan na ga bindigogin da ban san suna duniya ba. Daga ƙarƙashin gado, daga jinkar ɗaki, daga cikin rumbu, wata da gidan zanzaro a baki. Kowa ya zo sauri yake, a wanke masa a zuba masa harsashi ya koma. Ni kuwa sai na auna. Da yawa sun yi ɗaki, na kuma faɗa. Wasu suka ɗora da hannunsu aka rufe bakin, suna yi mini kallon wanda ya yanka musu akuya. Wasu suka zage ni suka tafi wurin wanda ba ya awo. Baƙin fuska ma sun zo, masu son a ƙera musu sababbi ba tambaya, na ce ni sai wanda mai garinsu ya sani kuma sarkin maƙera ya sani. Jandarma suna leƙowa lokaci lokaci su ga abin da muke ciki. Ban taɓa samun aiki kamar na shekarar ba, ban kuma taɓa ƙin aikina kamar lokacin ba.

Nomau ya zo da damina, gero ya fara fitar da kai, ba lokacin zuwansa ba. Ɗan kabu-kabu ya sauke shi da Tsohuwa naɗe cikin tabarma. Bai kawo albasa ba, bai kuma kira ni Baƙin Hannu ba. Ya ce maharban yankinsu sun yi shawara za su riƙa raka shanun gari kiwo, tunda makiyaya sun tsorata, dabbobi kuma ba su iya zama a turke damina guda. Shi ne babba cikinsu, shi zai shiga gaba. Ya shayar da ita, ya ce, saura in duba ta in zuba masa harsashi.

Na narka sabuwar darma, na goge, na shafa mai. Ta shiga baki yadda ta saba. Ta bi tsakiya a matse, har na fara cewa a raina Allah ya sa. Saura kamar taki ɗaya ta kai ƙasa sai ta saki hannuna. Na ji ƙarfen ya tafi shi kaɗai. Na juya shi, yana rawa ta ko'ina. Na zaro, na ce wataƙila darmar ce ta yi laushi, na zuba wata, ko da yake na san ba ita ba ce. Ta sake faɗawa a wuri ɗaya. Na ɗauki ƙaramar guduma na bi bayan bututun ina ƙwanƙwasawa. Daga sama tana amsawa da ƙarfi, da na iso wurin sai muryar ta mutu.

Nomau yana kallon fuskata. Ya ce, “Hwaɗi mana.”

Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙarfen, na ce ya tura da kansa, a hankali. Ya tura. Na ga lokacin da ta sake shi, don kafaɗarsa ta ɗan zabura. Ya zaro ya sake turawa. Sannan ya ajiye ƙarfen a ƙasa, ya goge tafinsa a riga.

Na ce, “Ta yi ɗaki, Nomau. Babba. In ka ɗura mata ko rabin abin da ka saba, ba gaba za ta harba ba, kai za ta harba.”

Ya ce, “Sau guda ma?”

Na ce, “Ban sani ba ko na hwarko ne ko na biyu. Amma ba ta kai ka kaka.”

Na ce masa akwai dabara. Ina da bututu mai kyau da na ajiye, in cire nata in sa mata shi. Ƙotarta tana nan, kunamarta tana nan, layun da ke jikinta ba mai taɓa su, wanda ya gan ta daga nesa ba zai ce an sake komai ba. In ya kwana Maraɗi, jibi ya koma da ita.

Ya girgiza kai. Ya ce, “Icce ne ya sha, ko ƙarhe? Ruwan ubana na cikin wanga ƙarhe, da na kakana. Naka mi ya sha? Man mota. In shiga gaban mutane da abin da bai san ni ba?”

Na ce ya shayar da sabon, in dai zai gasa shi bayan nan. Ya ce abin da aka yi shekaru ana zubawa ba a zuba shi cikin mako. Na ce to ya ari ta wani. Ya dube ni kamar na ce ya ari wandon wani. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, har masu wucewa suka tsaya. Na ce masa taurin kai ne, ruwan nan da yake taƙama da shi shi ya cinye ta, na yi shekaru ina faɗa. Bai musa ba. Ya bar ni na gama.

Sai na jawo uwar maƙera na ce ya ɗora. Ya ɗauki Tsohuwa ya tashi tsaye, na zaci zai ɗora. Ya tsaya yana shafa bakinta da babban yatsa. Ya ce, “Shaibu, ba ni iyawa. Ka yi mini haƙuri.” Tunda muke bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

Na tare ƙofar rumfa. Na ce kayansa ne, ba ni da ikon hana shi, amma ba zai fita ba sai ya yi mini alkawari ɗaya, kada ya ƙara zuba mata albarushi har abada. Na gaya masa labarin Ɗan Jimma mai goro, na ce ba zan iya zuwa Jiratawa in same shi haka ba, ko in same shi ba fuska. Sannan ya ce, “Na yi maka alkawari tsakanina da Allah. Ba ta ƙara cin albarushi a hannuna.” Na san Nomau, in ya faɗi magana ta zauna. Na ji sanyi a raina. Na ce to madalla, ya rataye ta a ɗaki, ya bar wa yara rakiyar shanu, shekarunsa ma sun kai ya huta. Ya yi ɗan murmushi ya ce in kira masa ɗan kabu-kabu. Da kaina na naɗe masa ita cikin tabarmar.

Ana cikin yankan gero labari ya iso ni. Wani mai kawo tumatir kasuwa ne ya tsaya bakin rumfa ya ce, “Baba, ka ji abokinka?” Na rufe rumfa na tafi Jiratawa, na tarar an riga an kai shi.

A wurin zaman makoki na ji yadda aka yi. Ashe bai zauna gida ba, tun ranar da ya koma kullum shi ne a gaba. Ranar da abin ya faru, da la'asar, suna shayar da shanu a wani tafki can kudu, ɓarayi suka ɓullo ta cikin kalgo. Nomau ya ce wa sauran su kora shanun su yi gari, kada wanda ya tsaya. Shi ya fito fili a kan hanya, ya durƙusa, ya saita Tsohuwa. An san shi a yankin, an san bindigar, mutanen suka ja da baya suka ɓuya, ba wanda ke son ya zama na farko. Ya riƙe su a haka har shanu suka yi nisa, ko ɗaya ba a rasa ba. Da suka ga shiru ta yi yawa sai suka harbe shi.

Kowa a wurin magana ɗaya yake, Tsohuwa ta ƙi tashi. Wasu suka ce ɓarayin suna da maganin rufe bakin bindiga. Wasu suka yi ƙasa da murya da suka gan ni, don an san daga rumfata ta dawo. Baƙin ciki ya cika ni, da haushi a cikinsa, don na ɗauka ya karya alkawari ya ɗura ta, ita kuma ta ci amanarsa ta wata hanyar. Na yi addu'a na dawo gida, na yi kwanaki ban hura wuta ba.

Bayan sadakar arba'in sai ƙanen Nomau, Idi, ya zo, shi ma maharbi ne, yana cikin waɗanda suka kora shanun. Ya sauke tabarmar da Tsohuwa a ciki a gabana a hankali, yana kawar da bakinta daga mutane. Ya ce tun ranar ba wanda ya yarda ya taɓa ta, bindigar da ta ƙi tashi da ɗuri a ciki ba abin wasa ba ce. Iyali suna tsoron zama da ita a ɗaki. In cire musu ɗurin, in kuma duba in gaya musu abin da ya hana ta.

Kafin a cire ɗuri sai an san inda ya tsaya. Ana zura sanda har ta tokare, a dafe da yatsa daidai baki, a zaro a shimfiɗa ta a bayan bututun. In da ɗuri, sandar ba ta kaiwa ƙofar wuta, kuma tokarewarta da taushi, don tsumma take tararwa. Na koma gefe, na zura a hankali ina jiran taushin. Sandar ta yi ta tafiya. Sai na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Na zaro na shimfiɗa, ta kai har ƙofar wuta. Na sake zurawa da farin tsumma a baki, na juya, na fito da shi. Tsatsa ce kawai da ɗan ɗanshin jiƙo, ko ƙwayar albarushi babu.

Idi ya ce, “Mi ka gani?”

Na ce, “Ba ta ƙi tashi ba, Idi. Babu komai cikinta.”

Ya ce ba ya yiwuwa. Na miƙa masa sandar ya zura da kansa, ya ji abin da na ji. Sai na gaya masa duka, yadda ta yi ɗaki, da bututun da ya ƙi, da alkawarin da na sa ya ɗauka a bakin ƙofar nan. Idi ya zauna a ƙasa, ya riƙe sandar a hannu yana kallon ta.

Ya ce, “Baba Shaibu, kullum da sahe gabanmu yake ɗura ta. Ya sa hannu cikin burgamin albarushi, ya kai bakinta, ya ɗauki sanda ya daka, ya daka, kamar kowa. Har hwaɗa yake yi muna, wai mu ba mu iya ɗuri ba.”

Kuka ya zo mini a gaban mutane, da tsufana, na kasa tare shi. Idi ya jira har na share fuska, sannan ya tambaye ni abin da zai faɗa wa mutanen gida. Na ce ya faɗa musu yadda yake, Nomau ya san hannunsa wofi ne lokacin da ya ce su kora shanun.